Daga Tiga Zuwa Gashuwa: Tarihin Madatsun Ruwa Da Haƙƙin Mutanen Gangare

  

Duk shekarar da ruwa ya ci gonakin mutanenmu, sai wayoyi su yi ta kaɗawa a birane, ana cewa an buɗe dam. In kuma rani ya yi tsanani, wasu garuruwan suka rasa na shayar da dabbobi, sai a ce an rufe dam. Ƙungiya ta tara gudummawa, a kai buhunan hatsi da tabarmi da gidajen sauro, a yi jaje, a dawo, a jira wata shekarar. Wannan aikin alheri ne, Allah Ya saka. Sai dai na lura da yawa daga cikin samarinmu da suka tashi a birni ba su san wane dam ake nufi ba, balle yadda ake sarrafa shi, ko abin da doka ta ce game da rabon ruwansa. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Shi ya sa na ga ya dace mu bi tarihin wannan kogi daga tushe, domin mu san abin da ya kuɓuce mana da abin da ya kamata mu nema.

Kogin Kafin Shekarar 1974

Kogin Haɗeja 'ya'ya biyu ne suka haɗu suka haife shi: kogin Kano da kogin Calawa, waɗanda ke gamuwa kafin a iso Wudil. Daga nan sai ya gangaro ta ƙasar Ringim da Miga da Auyo har ya iso Haɗeja. Bayan ya wuce gari, da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai ya rarrabu: akwai tsohon kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai kuma Marma mai zuba a tafkin Nguru. Ta kudu kuwa kogin Jama'are ke tahowa daga duwatsun Jos, ya ratsa ƙasar Bauci da Katagum. A wajen Gashuwa ruwan biyu ke haɗuwa su zama kogin Yobe, wanda ke wucewa ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a yankin Difa, sannan ya faɗa Tafkin Cadi.

A da, wannan kogi yana da lokacinsa kamar yadda azumi da salla suke da nasu. Ina yaro na ga yadda ruwa ke isowa a tsakiyar damina, ya cika ya tumbatsa cikin watan Agusta da Satumba, ya malale fadamu har iyakar ganin ido. Manomi ya riga ya shuka shinkafarsa da ruwan sama, sai ruwan kogi ya zo ya ɗaga ta. Kifi ya bi ruwa cikin ciyawa ya yi ƙwai. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai a bi danshin da ya bari a shuka wake da dankali da kuɓewa. Masunta su tare tarwaɗa da karfasa a bakin kududdufai. Bayan girbi Fulani su sauko daga jigawa da garkunansu, su ci ɗanyar ciyawa, su bar wa gona taki. Can cikin bazara kogin ya ƙafe, yara su yi wasa a kan yashinsa, mata su tona shi su ɗebi ruwa mai sanyi. Fili ɗaya ke nan ya ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara guda, kowa da watanninsa.

Wannan rabo ba a rubuce yake ba, amma yana da masu tsaronsa. Sarkin ruwa shi ke faɗar ranar da za a shiga su da tafkin da aka hana taɓawa. Bulama da dagaci su ke kiyaye burtali da mashaya. Idan rigima ta kai gaban alƙali, akwai hukuncin da malaman fikihun Malikiyya suka sani tun da daɗewa: shan mutum da dabba yana gaba da ban ruwan gona, kuma wanda ke sama yana da ikon tare ruwa gwargwadon buƙatar shukarsa, har ya kai idon sawu, sannan wajibi ne ya sake shi ga na ƙasa da shi. Ashe tun kafin zuwan injiniya, al'ummarmu ta san na gangare yana da haƙƙi a wuyan na tudu.

Zuwan Madatsun Ruwa

A zamanin mulkin Kwamishinan 'Yansanda Audu Bako, gwamnan tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aniyar tare ruwan damina domin noman rani da shan mutanen birni. An fara da ƙananan madatsu irin su Bagauda, sannan aka shiga aikin Tiga a kan kogin Kano a 1971, aka kammala a 1974. Tafkin da ya taru a bayanta ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Aikin ya zo daidai da babban farin 1972 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya, don haka kowa ya yi maraba da shi. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, kuma sarrafa Tiga ya koma hannunta.

A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama. Wannan ya sa aka ƙara sa ido a kan lafiyar sauran madatsu, har a 1992 aka rage tsayin bakin da rarar ruwan Tiga ke zuba ta kansa da mita uku da rabi, domin a sauƙaƙa wa bangon nauyi. Ruwan da take iya riƙewa ya ragu zuwa ƙasa da biliyan ɗaya da rabi. A wannan shekarar ce kuma aka kammala madatsar Calawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar kubik mita miliyan 900 da 'yan kai. Daga nan iyayen kogin Haɗeja biyu duk suka shiga takunkumi. Masana sun ƙiyasta cewa waɗannan madatsu biyu su ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke gangarowa gare mu.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja tana cikin Jihar Kano, gwamnati ɗaya ke da madatsa da mutanen gangare. Amma ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa da Jihar Yobe. Tun daga ranar, makullin ruwa yana wata jiha, masu jiransa suna wasu jihohin, mai riƙe da makullin kuma ma'aikacin Tarayya ne da ke karɓar umarni daga Abuja.

Yadda Ake Sarrafa Madatsa

Madatsa dai rumbu ce, sai dai maimakon hatsi ruwa ake zuba mata. Ana tarawa daga watan Yuni zuwa Satumba, a riƙa fitarwa daga Oktoba har faɗuwar wata daminar. Hanyoyin fitar ruwa iri biyu ne. Na farko su ne bututai da ƙofofin da ma'aikaci ke buɗewa ko rufewa da nufinsa. A Tiga, babban kanal na ɗaukar ruwa ya bi ta tafkin Ruwan Kanya zuwa gonakin Shirin Noman Rani na Kogin Kano a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, shirin da aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. Wani ruwan kuma a sake shi cikin kogi domin matatun ruwan birnin Kano da ke Tamburawa da Calawa, da kuma Shirin Noman Rani na Kwarin Haɗeja da ke ƙasar Auyo. Hanya ta biyu ita ce bakin tumbatsa. Idan tafki ya cika maƙil, ruwa da kansa yake tsallake wannan baki ya bi kogi, ba ya jiran izinin kowa. Sau da yawa abin da jama'a ke kira buɗe dam, tumbatsa ce ta auku a daidai lokacin da ruwan sama ya riga ya cika kogi da ƙoramun da ke ƙasa da madatsa.

Mai sarrafa madatsa kullum yana tsakanin tsoro biyu. In ya riƙe ruwa da yawa don gudun fari, sai damina mai ƙarfi ta same shi da cikakken rumbu, rarar ta sauko wa mutanen gangare gaba ɗaya. In ya rage ruwa tun da wuri don ya bar wa damina wuri, sai ruwan sama ya yi ƙaranci, birnin Kano da manoman rani su shiga wahala. Ga kuma rabon rana da iska, waɗanda a irin ƙasarmu ke shanye abin da ya kai zurfin mita 2 daga fuskar tafki a shekara, wato ɗaruruwan miliyoyin kubik mita da ba wanda ya amfana da su. Abin da ke raba gardama tsakanin waɗannan tsoro biyu shi ne jadawali, wanda zai ce a wata kaza ruwa kada ya wuce tsayi kaza, a sakar wa wane kaza, a bar wa wane kaza. Duk wanda sunansa ya shiga wannan jadawali ya samu haƙƙi, wanda aka manta da shi kuwa sai abin da ya rage. Da aka tsara Tiga, an lissafa birni, an lissafa gonakin kanal. Ambaliyar shekara-shekara da fadamunmu ke rayuwa a kanta an ɗauke ta ruwan da ke tafiya a banza. Ko bututan da ke zuba cikin kogi ba a yi su da girman da za su iya sako ruwa mai yawa lokaci guda ba, irin wanda zai maye gurbin ambaliyar da aka tare.

Abin Da Ya Biyo Baya

Adalci ne mu faɗi amfanin da aka samu. Kura ta zama cibiyar shinkafa, tumatirin Kadawa ya kai har Legas, miliyoyin mutanen Kano suna sha daga waɗannan madatsu, cikinsu har da 'ya'yanmu masu karanta wannan mujalla. Haka nan ba duk raguwar ruwa ce laifin madatsa ba, domin farin 1983 da 1984 ya taɓa ko'ina a Arewa. Amma lissafin gangare ma sai an karanta shi. Fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliya ke rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 nasu kafin Tiga, sun wayi gari a 1993 abin da ruwa ya rufe bai kai 500 ba. Inda ruwa bai hau ba, ba shinkafa, ba kifi, ba ciyawa, kuma rijiyoyin da ambaliya ke cika wa ciki suka yi ƙasa. Makiyayi da manomi da a da ke bin juna a fili ɗaya, suka koma suna isowa lokaci guda a kan ɗan abin da ya rage. Bayan hana shigo da alkama a 1987, injinan ban ruwa suka yawaita, aka nome bakin kogi da burtali, rigima ta ƙaru.

Masifa ta biyu ta fi ta farko ban mamaki, domin yawan ruwa ne ya kawo ta. Kogin da a da ke ƙafewa watanni, yanzu saboda sakin rani sai ya koma yana gudana shekara zagaye, a hankali, ba ƙarfi. Babbar ambaliyar da ke share yashi da laka ta ragu, bushewar da ke kashe ciyawa ta ɓace. Nan kacala ta samu gida. Ta toshe tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana, ruwa ya rasa hanya, sai ya karkata zuwa Marma da tafkin Nguru. Gonakin Guri da Kirikasamma da kewayen Nguru suka nutse shekara da shekaru, har hanyar motar Haɗeja zuwa Nguru ta yanke a wasu shekarun, alhali ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa ya zama ɗan kaɗan ƙwarai. Kacala ta zama maɓoyar tsuntsun jan baki mai cinye gero da shinkafa, da sauro, da dodon koɗi mai kawo tsargiya. A wata makarantar ƙauye da na taɓa shugabanta, na ga shekarar da yara ke zuwa aji cikin kwalekwale a watan Janairu, na kuma ga iyayensu suna kwashe su zuwa birni ɗaya bayan ɗaya saboda gona ta zama tafki. Ashe ba ruwa kaɗai muka rasa ba, har da lokacinsa, kuma ranin ma dukiya ne ba mu sani ba.

Tun 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Fadamun Haɗeja da Nguru, wanda ya riƙa auna ambaliya kowace shekara. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta abin da ruwa ke samarwa a fadama, na noma da kifi da itace, da abin da yake samarwa a gonakin kanal. Sakamakon ya nuna kowace ma'aunin ruwa ta fi riba a fadama nesa ba kusa ba. A shekarar 2000 kuma tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya ta biyo baya a 2008.

Me Doka Ta Ce?

Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta damƙa wa Gwamnatin Tarayya ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, Tsarin Mulkin 1999 ma ya sa irin wannan ruwa cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar ta 1993 ta yarda kowa ya ɗebi ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi, ya yi kamun kifi, mai gona a bakin kogi kuma ya yi ban ruwan gonarsa. To amma wannan izini ne na ɗiba daga abin da ka tarar a gabanka. Babu inda aka wajabta wa mai riƙe da madatsa ya sako maka adadi kaza a wata kaza. Haƙƙin da kakanninmu suka sani, na cewa na sama ya sha ya saki, bai samu shiga takarda ba. Ƙudurin sabuwar dokar ruwa da aka yi ta kai wa Majalisa ya gamu da gardama mai zafi, har Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a 2023.

Batun bai tsaya a iyakar Nijeriya ba. Manoman tattasai na Difa da masuntan bakin Tafkin Cadi su ma wannan ruwan suke jira. Shi ya sa a 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, kogin Yobe na cikinsu.

Darasin Kafin Zaki Da Taron Damaturu

Tarihin Kafin Zaki ya nuna mana cewa muryar gangare tana da nauyi idan ta haɗu. An fara aikin wannan madatsa a ƙasar Ningi, a kan ruwan da ke ciyar da kogin Jama'are, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da nufin ta riƙe kubik mita biliyan 2.7, wato ta fi Tiga. Aikin ya tsaya bayan juyin mulkin ƙarshen 1983. Duk lokacin da aka tayar da maganar, mutanen Bauci su kawo hujjarsu ta noman rani da aikin yi, mutanen Yobe da Borno su ce kogin Jama'are ne kaɗai ya rage musu, in aka tare shi sun kaɗe. Har yau ba a kammala ta ba. Su sun ga gemun Haɗeja ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohi shida masu ruwa da tsaki, Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Borno, suka amince da tsarin kula da kogin baki ɗayansa, suka kuma kafa asusun amana na haɗin gwiwa da Gwamnatin Tarayya. Aka shirya daftarin yarjejeniyar rabon ruwa tsakaninsu. An yashe wasu hanyoyin ruwa, jama'ar ƙauyuka da kansu suka shiga da lauje da adda suna sare kacala ta hanyar gayya. Daga 2014 kuma shirin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara kanal-kanal na Kano da Auyo, ya duba lafiyar madatsun. Duk da haka ambaliyar 2018 da 2020 da 2022 ta nuna mana da sauran aiki, ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri cikin Satumba 2024 kuma ta tuna wa kowa cewa tsohon bango yana buƙatar ido.

Kira Ga 'Yan'uwa Mazauna Birane

Ya ku 'yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikinku akwai injiniyoyi da lauyoyi da manyan ma'aikata da 'yan jarida da 'yan majalisa. Manomin Guri ba zai iya karanta jadawalin madatsa ba, amma ku za ku iya. Shawarata ita ce ƙungiya ta kafa kwamitin ruwa na dindindin, wanda zai nemi abubuwa huɗu. Na ɗaya, a riƙa bayyana tsayin ruwan Tiga da Calawa da jadawalin sakinsa ta rediyo da harshen Hausa, musamman daga Yuli zuwa Satumba, domin gargaɗin kwana uku na iya ceton rumbu da rai. Na biyu, a rubuta kason mutanen gangare da adadinsa da watanninsa, ya zama doka mai hawa kan kowa. Na uku, a duba yiwuwar rage sakin rani na 'yan makonni, domin kogi ya bushe kacala ta ji jiki, tare da shawartar manoman da abin zai shafa. Na huɗu, a sa yashe koguna cikin kasafin kuɗi na kowace shekara, a daina jiran sai ruwa ya ci gari. Kuma kada mu yi wannan tafiya mu kaɗai. Mu nemi 'yan'uwanmu na Ringim da Katagum da Nguru da Bade da Gaidam, har ma da manoman Kura, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen Kano ba abokan gabarmu ba ne, maƙwabta ne da kogi ɗaya ya shayar da mu.

Shekara 50 ke nan da 'yan kai tun da aka rufe bakin Tiga. Waɗanda suka ga kogin a kan ɗabi'arsa suna ta ƙarewa, mu da muka gan shi muna yara ma furfura ta cim mana. Idan ba a rubuta wannan haƙƙi muna raye ba, jikokinmu za su taso su ɗauka dama can haka Allah Ya yi ƙasarsu, rabi kacala rabi ƙura. Buhun hatsin jaje yana ƙarewa cikin mako biyu, amma layi ɗaya a jadawalin madatsa zai ciyar da zuriya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, Ya haɗa kan 'ya'yan wannan ƙasa a duk inda suke. Amin summa amin.